Malamin Zane a Tchaké: Ya Kai Takardunsa Ko Ya Riƙe Shagonsa?

Sanarwar ɗaukar ma'aikaci ta ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda kowa a Nijar ke kira ONG, kusan fuskarta ɗaya ce ko'ina a jihar Maradi. Ana liƙa ta a bango, kafin la'asar ta gama zagaye wayoyin matasa ta WhatsApp. Ana son takardar neman aiki, da tarihin karatu da na aiki, da kofin difloma wanda hukuma ta buga wa hatimi, da takardar shaidar ɗan ƙasa, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba, wadda ba ta wuce wata uku ba, da katin hukumar samar da aikin yi ta ANPE. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, sai a rubuta tsawon kwantaragin: wata shida ko shekara guda, ana iya sabuntawa idan kuɗi sun samu.

To, a ce irin wannan sanarwa ce ta fito, aikin kuwa koyar da samari da ƴan mata zanen kwamfuta, abin da ƴan boko ke kira infografi, a wata cibiyar koyon sana'a da ƙungiyar ke son buɗewa a Tchaké, cikin gundumar Mayahi. A ce kuma ga wani saurayi a Tasawa mai ɗan shago kusa da babbar hanyar da ta haɗa Maradi da Damagaram: kwamfuta ɗaya, firinta ɗaya, yana tsara katin ɗaurin aure da na suna, da kalandar biki, da allon shaguna, da hoton katin shaida. Hannunsa ya faɗa a aikin, gari ya san shi. Ya tattara takardunsa ya kai, ko ya yi kamar bai gani ba? Duk majalisar da aka jefa wa wannan tambaya sai ta rabu biyu, kuma a kowane ɓangare akwai wanda ya san abin da yake faɗa.

Masu cewa ya zauna inda yake da maganar kuɗi suke farawa. Aikin ONG aikin furoje ne, furoje kuwa tun ranar da aka buɗe shi an riga an rubuta ranar rufe shi. Mutanen Maradi sun ga haka da idonsu tun yunwar 2005, lokacin da ƙungiyoyi suka cika jihar da fararen motoci, aka ɗauki matasa aiki, bayan ƴan shekaru da yawansu suka koma gida da takardar yabo a hannu. Shekarun nan kuma abin ya ƙara tsanani. A Nuwamban 2024 hukumomin Yamai suka janye izinin ƙungiyar Acted ta Faransa, da na wata ƙungiyar cikin gida mai suna APBE. A Fabrairun 2025 aka umarci kwamitin agaji na CICR ya rufe ofisoshinsa ya bar ƙasar. A Amurka kuwa, tun Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, zuwa tsakiyar shekara hukumar USAID ta zama labari. Ba sai mutum ya yanke hukuncin wa ke da gaskiya a waɗannan rigingimu ba kafin ya gane abin da suke nufi ga ƙaramin ma'aikaci: albashinsa yana rataye da sa hannun mutanen da ba su san sunansa ba, ko a Yamai ko a Washington.

Shago kuwa ba a barinsa a dawo a tarar da shi yadda yake. Mai son katin biki ba ya jira. In ya zo sau biyu ya ga ƙofa a rufe, ya koma wa na gaba ke nan, kuma can zai tura ƙannensa in nasu auren ya zo. A nan ne kawun saurayin zai gyara zama ya ce, "Ɗana, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ka shekara nawa kana tara mutanen nan, za ka watsar da su don aikin wata goma sha biyu?"

Sai batun wuta. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, mafi yawansu kuma a birane suke. Biranen ma sun ɗanɗana kuɗarsu a Agustan 2023, da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa NIGELEC bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido da ita ba sai bayan da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Za a ce ai akwai sola. Akwai, kuma kowace ƙungiya ta iya sayen farantai ta ɗauki hoto ranar buɗe cibiya. Abin da ake mantawa a kasafi shi ne batirin da zai mutu bayan ƴan shekaru, da ƙurar hunturu mai shiga cikin kwamfuta, da zafin bazara mai wuce digiri 40, da tawadar firinta da sai an aika Maradi ko Kano. Malamin da ya karɓi aikin zai wayi gari shi ne mai gyara, shi ne mai gadi, shi ne mai ba da haƙuri. Manhajojin kansu wata wahala ce. Tun 2013 kamfanin Adobe ya koma ba da hayar Photoshop, ana biya wata-wata da katin banki. Abin da ke cikin kwamfutocin shagunanmu, Photoshop ne ko CorelDRAW, kowa ya san ta ƙofar da ya shigo, ƙungiyar da masu binciken kuɗi ke leƙa takardunta kuwa ba za ta iya bin wannan ƙofar ba.

Duk waɗannan ƙananan hujjoji ne idan aka jera su da babbar: wa zai saya? Mutumin Tchaké manomi ne, makiyayi ne. Kuɗinsa da kaka suke shigowa, in an sayar da wake da gyaɗa ko an kai akuya kasuwa, kuma tun kafin su shigo suna da wurin zuwa: abinci, magani, aure, biyan bashi. Manyan da suka iya karatun boko a ƙasar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, a karkara sun fi haka ƙaranci, cikin mata kuwa abin ya fi muni. Gayyatar biki a ƙauye goro ne da alewa da baki, yanzu kuma an ƙara saƙon murya. Mai shago ba ya buƙatar allo, domin duk wanda zai saya ya san ƙofarsa ya san ubansa. Lokaci ɗaya da masu zane suka saba cin kasuwa shi ne kakar zaɓe, da afish da bandarol da riguna da huluna, kamar yadda aka gani a 2020 da 2021. To an rusa jam'iyyun siyasa a Maris ɗin 2025, an kuma ɗibar wa mulkin riƙo shekara biyar. Wa ya rage? Ƙungiyoyin da kansu. Su ne masu buga bandarol na taron bita, da allon da ake kafawa bakin rijiya, da rigunan ranar wanke hannu. Ke nan ƙungiya za ta horar da yara ashirin domin kasuwar da ita kaɗai ce mai saye a cikinta, ranar da ta naɗe tabarmarta kasuwar ta tashi.

Nauyin wannan kuwa a kan malamin yake sauka, ba a kan shugaban furoje ba. Shi iyaye suka sani. Shi uwa za ta tare ranar kasuwa ta ce, "Malam, ga takardar an ba shi, yanzu sai mi?" Masu wannan ra'ayi suna cewa da kuɗin kwamfuta goma gara a koyar da ɗinki, da walda, da gyaran babur, da gyaran waya, da haɗa sola, da gyaran famfon rijiya, sana'o'in da mai su ba ya yini bai taɓa kuɗi ba. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da asusun FAFPA sun fi karkata ga irin waɗannan, kuma ba ƙauyanci ne ya sa ba. Wasu har suna ƙarawa da cewa sana'ar ma tana mutuwa: tun da Canva ta fito a 2013 kowa ya zama mai zane, ga kuma manhajojin da ake gaya wa magana su fito da hoto cikin ƙiftawar ido.

Masu cewa ya nema su ma da kuɗi suke farawa, sai dai ta wata ƙofa. Mafi ƙarancin albashi a hukumance jika 42 ne a wata tun Janairun 2024, kuma suna cewa shagon zane a gari irin Tasawa akwai watannin da ba ya bar wa mai shi haka, in an cire haya da wuta da takarda da tawada. Aure yana yawa bayan girbi da gabanin azumi, da damina kuwa kasuwa kwanciya take. Albashin ONG, ko na shekara guda ne, ƙarshen wata yake zuwa, in kwantaragin na ƙa'ida ne har da kuɗin CNSS, kuma albashin ne zai iya zama babbar firinta ko injin buga riga. Shekara ɗaya ta albashi jari ce ga wanda ya shiga da sanin ba za ta dawwama ba. Ga kuma layi ɗaya da zai ƙaru a tarihin aikinsa, wanda kan buɗe ƙofa ta biyu. Hujja ce ta gaskiya, amma saurayin kaɗai ta shafa, ba ta ce komai a kan yaran da zai koyar ba.

Wadda ta fi nauyi ita ce wadda ta ɗauki hujjar rashin karatu ta juya ta. Inda mutane ba sa karanta rubutu, a nan zane yake da babban aiki. A dubi ɗan zaren awon dantsen yaro mai launi uku, kore da rawaya da ja. A Mirya, cikin jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada danƙa shi ga iyaye mata su riƙa auna ƴaƴansu a gida, aka ga suna gane tamowa da wuri ba tare da sun karanta lamba ko ɗaya ba, dabarar kuma ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Likitoci ne suka ƙayyade ma'aunin, amma wanda ya mayar da lamba launi shi ya sa abin ya zauna a hannun uwa. Aikin mai zane ke nan. A dubi kuma manyan littattafan hotuna da masu faɗakarwa ke juyawa gaban mata a gindin itace. Sau da yawa daga nesa ake zano su. Sai ka ga mace da ɗaurin kallabin da ba na nan ba, da rumbu wanda ba irin namu ba, da tukunya bisa murhun da babu shi a ƙauyen. Mata su shagala da tambayar ƴar wace ƙasa ce wannan, saƙon allurar rigakafi ya wuce ta bayan kunne. Yarinyar da ta tashi a Tchaké, in ta iya zane, ba za ta yi wannan kuskure ba.

Mai adawa zai yi dariya ya ce, ka ga, kasuwar ONG ɗin dai ka koma. Ya yi gaskiya, amma rabi. Akwai wata kasuwa da ba ta da farar mota. Tun 1991 ƙungiyar CARE ta faro tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi, asusun da mata ke zubawa duk mako su ranta wa junansu, wanda daga baya aka kwaikwaya a ƙasashen Afirka da yawa. Irin waɗannan mata suna matsar man gyaɗa, suna ƙuli-ƙuli, suna sabulu, suna shanya zogale. Man gyaɗa a tsohuwar robar ruwa iyakarsa kasuwar ƙauye. Shi wannan man, in aka zuba shi a kwalba mai tsabta da takarda a jiki, da sunan ƙungiya da lambar waya da ranar da aka matse shi, yana iya shiga kantin Maradi, yana iya kaiwa baje kolin noma na SAHEL a Yamai. Ga mai sayar da irin shuka, ga mai maganin dabbobi, ga makarantar Islamiyya mai son takardar shaidar sauka, ga dillalin aya da ke tallar buhunansa a WhatsApp. Kasuwa ce ƙarama, ta dala-dala, amma da yawanta ba ta ma buƙatar firinta, hoto ne da za a tsara a waya a tura.

Sannan ga harshe. Kundin mulkin riƙon da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko me mutum yake gani game da siyasar abin, da yadda masu Zabarmanci ko Fillanci ko Buzanci suka karɓe shi, in dai za a aiwatar ko da ɗan kaɗan ne, za a buƙaci alluna da takardu da littattafan yara cikin Hausa. Wa zai tsara su? Da yawa daga masu zane a shagunanmu ba su san inda ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suke a kwamfuta ba, kuma kyawawan samfuran haruffan da suke so galibi babu waɗannan baƙaƙe a cikinsu. Sai ka ga akwati fanko a tsakiyar kalma, ko a zubar da lanƙwasar gaba ɗaya a bar mai karatu da canke. Ga kuma ajami, wanda dattijon da ƙidayar hukuma ta sa cikin marasa karatu yake karantawa sarai. Mai zanen da ya iya haɗa boko da ajami a allo ɗaya, cikin tsabta, ba shi da abokin gasa a Dakar ko a Faris, kuma manhajar da ake cewa za ta ƙwace masa aiki har yanzu tuntuɓe take a rubutun Hausa, balle ta zo ta zauna da shugabar asusu ta ji abin da take so a jikin kwalbarta.

Kada kuma a ce sana'ar baƙuwa ce a ƙasar nan. Allon zayyana na ranar sauka, aska takwas a gaban babbar riga, zanen ƙwarya, adon bangon gidajen Birni a Damagaram, rubutun jikin manyan motoci: idonmu ya daɗe da sanin daidaito da launi. Ni a ganina gardin da ya shekara yana wanke allo yana sake rubutawa ya fi ɗan lakwal sanin tazarar da ta kamata tsakanin layi da layi, sai dai da wuya ka ga an tuna da shi in ana rubuta sunayen waɗanda za a horar.

Batun ƴan mata yana da baki biyu. Kusan kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, a jihar Maradi kuwa abin ya zarce haka. Yarinyar da ta koyi walda, da wuya a bar ta ta ci gaba bayan an kai ta ɗaki. Zane a waya kuwa a ɗaka ake yin sa, a tura, a karɓi kuɗi ta Nita ko Amana. Sai dai ƴan mata nawa ne a ƙauye ke da babbar waya tasu ta kansu, wadda ba ta yaya ko ta miji ba? In ƙungiyar ba ta yi tunanin wannan ba, za a horar da su su koma gida hannu rabbana.

Masu adawa suna cewa horon tikitin cirani ne kawai. To ai da ma cirani ake zuwa. Saurayin Mayahi da an gama ɗaure gero ya kama hanyar Kano ko Legas ko Agadas ko Libiya, ko wuraren haƙar zinariya irin Jado. Ba cibiyar zane ce za ta tsayar da shi ba, ba ita ce kuma za ta kore shi ba. Abin tambaya shi ne da me zai tafi. Wanda ya isa Kano ya iya tsara kati zai samu kujera a shagon buga takardu, wanda ya isa da ƙarfin dantse kaɗai baro zai tura.

Ni dai ina ganin ya nema, kuma tarihin jihar ne ya ba ni dalili. A shekarun 1970 da farkon 1980 an zuba kuɗi masu yawa a dashen itatuwa a ƙasar nan: gandun reno, irin waje, motocin ɗaukar dashe, mafi yawansu kuma suka bushe. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maradi, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, abin da suke so wuƙa ce da haƙuri: a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bari, a sare saura. Abin da aka sa wa suna sassaben zamani ya riƙa bazuwa daga manomi zuwa manomi, har aka ƙiyasta ya farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Abin da ya rayu bayan furoje shi ne wanda bai dogara da kayan da za a shigo da su ba. Cibiyar zane a Tchaké tana iya bin sawun gandun reno, tana iya bin sawun sassabe, kuma ba mai ba da kuɗi ne zai raba wannan gardama ba, malamin da ke tsaye gaban yaran ne. In ɗan Tasawa mai sanin kasuwar ya ƙi nema, ba za a fasa buɗe cibiyar ba. Za a ɗauko wani daga Yamai, mai difloma babba da Hausa kaɗan, ya koyar da Photoshop wata shida da Faransanci, ya rubuta rahoto mai kyau, ya koma.

Abin da ɗan Tasawa zai yi dabam a fili yake. Ya fara da abin da yaro zai ci gaba da riƙewa bayan an kulle ɗakin kwamfuta, wato waya, da manhaja irin PixelLab da samari suka riga suka sani. A kan kwamfuta ya sa GIMP da Inkscape, waɗanda kyauta ne, ba mai zuwa karɓar haya. Ya haɗa da buroshi da fenti, da yankan kwali don fesa rubutu, da buga riga da hannu, ayyukan da ba ruwansu da ɗaukewar kuran. Ya koya musu abin da shago ya koya masa wanda babu shi a littafi: yadda ake yanka farashi, yadda ake karɓar kafin alƙalami, yadda ake sa mai aiki ya karanta sunan ango da na amarya da bakinsa kafin a buga kati ɗari biyu. Ya kuma kafe a kan cewa ba wanda zai karɓi takardar shaida sai ya sayar da aiki ko da ɗaya ne ga wanda ba ma'aikacin ƙungiyar ba. Yara goma da suka yi haka sun fi arba'in da aka jera don hoto, ko da yake rahoton furoje arba'in ɗin ya fi so, kuma a nan za a yi ta ja-in-ja da ofis.

Akwai abin da ɓangarorin biyu suka tsallake, shi ne kuma zai iya kayar da saurayin: iya aiki dabam, iya koyarwa dabam. Wanda ya koyi sana'a ta hanyar kallon maigidansa yakan ɗauka kowa haka zai gane. Yaran da zai tarar, wasu a aji shida suka tsaya, wasu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, rubutun cikin manhajar kuma Faransanci ne ko Ingilishi. In shi mai saurin fushi ne, mai fizge waya daga hannun yaro ya ce kawo in yi maka, to kawu ya fi shi gaskiya, ya zauna a shagonsa.

Neman kansa yana da tsada kafin a ga ko dala: tambarin hukuma, zirga-zirgar kotu da ma'aikatar magajin gari, kuɗin mota. Sanarwar kuma sau da yawa tana neman karatun shekara biyu ko uku bayan bakaloriya, irin na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi, alhali gwanayen sana'ar da yawa a shago suka koya. Kowa kuma ya san ana raɗe-raɗin cewa wasu sanarwoyin an riga an san mai su tun kafin a liƙa. Duk da haka, wannan aiki ne da ake iya nuna shi a tafin hannu. Ya sa ayyukansa na gaske cikin ambulan, katin da aka raba, takardar kwalbar da ke kanti, hoton allon da ke rataye a bakin hanya, ya haɗa da shafi ɗaya mai bayyana abin da zai koyar mako-mako da inda yaran za su sayar. Shagon kuma kada ya kulle shi. Ya bar wa ƙane ko yaron da ya horar, ya riƙa tura masa aiki ta waya yana leƙowa ranar hutu.

In an kira shi ganawa, ya tuna shi ma yana da tambayoyi. Kayan nan, in furoje ya ƙare, hannun wa za su koma, kuma a rubuce yake ko a baki? An ware kuɗin gyara da na tawada, ko na saye kaɗai? Wa ke zaɓen ɗaliban? Za a riƙa ba su kuɗin zama? Domin in ana biyan yaro ya zo aji, malami ba zai taɓa sanin wanda ya zo don sana'a da wanda ya zo don jika ɗaya ba, kuma ƴaƴan masu faɗa a ji ne za su cika benci. Ya kuma tambayi watan da za a fara. In aka ce masa Yuli, lokacin da duk wani mai hannu biyu a Tchaké yana gona yana noman fari, to ya san ba a tambayi kowa a garin ba kafin a rubuta furojen, kuma yana da damar ya ce a mayar da shi Nuwamba, bayan an shigar da gero rumbu, ko ya karɓi takardunsa ya koma Tasawa.